Na je laburaren jami'a neman dalilin da ya sa ruwa ke cin garinmu, ga yadda na same shi

Tun bayan ambaliyar 2022 nake ta son rubuta wannan abu sai yanzu Allah ya nufa. Ni ba ɗalibin jami'a ba ne kuma ba lakcara ba, NCE gare ni, ina koyarwa a firamare a wani gari da ke bakin kogi tsakanin Auyo da Haɗejiya, kuma ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. Duk wanda ya san yankin nan ya san abin da muka gani a daminar nan, ruwa ya shanye gonakin shinkafa tas, ya kwantar da gidajen ƙasa, mutane suka koma ajujuwan makaranta da kan tudu da yaransu da awakinsu, mu kuma maza muka dinga kwana muna cika buhu da ƙasa muna tare jinga har asuba amma ƙarshe sai da ta ɓalle. A ƙasa baki ɗaya sama da mutum 600 ne suka rasu a ambaliyar shekarar, Allah ya jiƙansu da rahama.

Da ruwa ya janye aka zauna a ƙofar gidan dagaci kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce ai dam ɗin Tiga aka buɗe mana, wani ya ce ciyawar kachalla ce ta toshe kogi, wani ya ce ruwan sama ne kawai ya yi yawa a bar wa Allah. Aka tsaya a kan a rubuta takardar koke a kai wa hukuma da ɗan majalisarmu. Sai wani dattijo, tsohon malamin gona ne, ya dube ni ya ce, "Malam sakatare, takardar da babu hujja a cikinta ko karanta ta ba za a yi ba. Tun ina saurayi 'yan jami'a ke zuwa garin nan da littafi da abin awo, su auna kogi, su tambaye mu buhu nawa muka samu, mu ba su fura su sha su tafi. To ina abin da suka rubuta?" Na ce Baba ban sani ba wallahi. Ya ce to ka je ka nemo.

Abin da ya kai ni ke nan. Jami'ar da na je babba ce a nan Arewa, ba zan kira sunanta ba saboda akwai ƙorafi a cikin bayanina kuma ba na son a ce na ci zarafin mutanen da suka taimake ni. Sau 3 na je, duk zuwa ina yin kwana 4 ko 5 ina kwana a wurin wani ɗan'uwa. In maki za a ba su ni 7 cikin 10 zan bayar, kuma biyar daga cikin bakwai ɗin nan na mace ɗaya ce da ɗaki ɗaya, zan zo kansu.

Maganar shiga tukunna, don ita ce abin da yawancin mutane ke tsoro. Eh ana barin wanda ba ɗan makaranta ba ya shiga, amma ba haka kawai za ka faɗa ba. Ka je da takardar gabatarwa daga ƙungiyarku ko wurin aikinka mai hatimi, wadda ta faɗi ko kai wane ne da abin da kake bincike a kai, ka haɗa da katin ɗan ƙasa da fasfo guda biyu. Ni ranar farko gaba ɗaya a banza ta tafi, wanda zai sa hannu ba ya nan, an ce yana mitin, na zauna a benci daga ƙarfe 9 har bayan la'asar babu wanda ya ce min ga wani da zai iya sa hannu a madadinsa, kuma babu wata takarda a manne a bango da ta yi bayanin matakan da baƙo zai bi, sai dai ka yi ta tambaya wannan ya tura ka wurin wancan. Wannan ya ɓata min rai gaskiya, don kuɗin motar nan karo-karo talakawa suka yi, mutanen da ruwa ya cinye wa abinci. Washegari dai aka ba ni katin wucin gadi, sharaɗin shi ne karatu a ciki kawai, babu aron littafi zuwa gida. Jaka kuma a bakin ƙofa ake ajiyewa, biro da littafin rubutu da waya kawai za ka shiga da su. Lokacin ba a daɗe da dawowa daga yajin aikin malaman jami'a na wata 8 ba, wurin cike yake maƙil da ɗalibai, in ba ka yi sammako ba kujera ma sai ta gagare ka.

Da na shiga sai na rasa ta ina zan fara, kantoci ne jere iya ganinka, na je kan kwamfutar neman littafi na buga kachalla babu komai, na buga ambaliya babu komai. A nan ne Allah ya haɗa ni da Hajiyar da ke teburin taimakon masu bincike, dattijuwa ce mai gilashi. Na gaishe ta na ce Hajiya ni baƙo ne daga Jigawa, ga abin da ke tafe da ni. Ta ajiye abin da take yi ta ce, "Malam zauna ka ba ni labarin daga farko." Ta saurare ni kusan minti 20 ba ta katse ni ba, sannan ta ɗauko takarda ta rubuta min kalmomin da zan nema da su. Ta ce kachalla a littattafan masana sunanta Typha, da shi za ka nema, kuma kar ka nemi sunan garinku shi kaɗai, ka nemi sunan kogin gaba ɗaya, Haɗejiya da Jama'are da Komadugu Yobe, ka nemi Tiga, ka nemi Challawa, ka nemi Nguru. Ta kuma koya min karanta haruffan da ke gadon bayan littafi, wanda ya fara da GB harkar koguna da yanayin ƙasa ne, TC na madatsun ruwa da aikin injiniyan ruwa, S kuma noma. Wallahi abin nan da ta koya min a rabin awa shi ya rage min wahalar sati guda. Shawarata ga duk wanda zai je, kar ka ji kunya, ka nemi ma'aikacin da ke wannan tebur ka faɗa masa matsalarka da Hausa yadda take, aikinsu ke nan kuma sun san inda komai yake fiye da kwamfutar.

Ita ce ta kai ni ɗakin da ake ajiye kundayen digiri, wato rubuce-rubucen da ɗalibai ke yi kafin a ba su digiri na biyu da na uku. In don wannan ɗaki ne kaɗai ma tafiyata ta biya. Kundaye ne dubbai masu baƙin bango da kore da ja, wasu da tafireta aka buga su tun kafin a haife ni, takardar ta yi ruwan ƙasa, taswirorin ciki da hannu aka zana su a kan farar takarda mai shara-shara an ninke an manna. Na ɗauko na sashen labarin ƙasa da na aikin gona da na tattalin arzikin noma na tara a gabana. A cikin wani na shekarun 1990 ina buɗe taswira sai ga sunan garinmu, ga fadamar da kakana ya noma, ga reshen kogin da yanzu ko alamarsa babu kachalla ta cinye, an zana shi da shuɗin layi har da kibiya mai nuna inda ruwa ke bi. Na daɗe ina kallon shafin nan ban iya rubuta komai ba. Mutumin ya zauna da manoma da masunta na yankinmu ya rubuta abin da suka faɗa masa, kuma abin da suka faɗa a wancan lokacin shi ne dai muke faɗa a ƙofar gidan dagaci bayan shekara kusan 30, cewa kogi yana cikewa, ciyawa tana ƙaruwa, kifi yana raguwa. Ashe ba a banza suka sha furar ba, sun rubuta, kuma sun rubuta gaskiya, sai dai rubutun ya tsaya a kan kanta bai taɓa komawa wurin masu shi ba.

Ga abin da na fahimta daga haɗa kundayen nan da rahotannin da na samu, kuma shi ne ainihin abin da na je nema. Kogin Kano da kogin Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, ya bi ta Wudil da Ringim ya zo mana, daga nan ya rarrabu cikin fadamun Haɗejiya da Nguru, wani reshe ya bi mashigar Marma zuwa tafkin Nguru, sauran su haɗu da ruwan Jama'are wajen Gashuwa su zama kogin Yobe har tafkin Chadi. An gama dam ɗin Tiga a kan kogin Kano a 1974 zamanin Audu Baƙo, lokacin ana tsakiyar raɗaɗin farin nan na farkon shekarun 1970, sannan aka gama na Challawa a 1992. Su biyun nan su ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shigowa kogin Haɗejiya. Kafin a yi su, kogin nan da damina yake cika ya yi ƙarfi ya wanke yashi da laka ya malala cikin fadama, da rani kuma ya ƙafe ƙaf har yara su yi ƙwallo a cikinsa, kuma dattawanmu duk sun tabbatar min haka ne. To kachalla ba ta jure doguwar bushewa. Da aka yi dam sai ya zama ana sakin ruwa duk shekara saboda noman rani da ruwan sha, kogi ya daina bushewa, babban ruwan da ke wanke shi kuma ya ragu, kachalla ta samu wurin zama, ita kuma in ta kafu sai ta riƙe laka, laka ta taru cikin kogi ya cike, to duk shekarar da aka yi ruwan sama mai yawa dam ya cika ya tumbatsa, ruwan in ya iso ba shi da hanya sai ya fasa ta inda ya samu sauƙi, wato gonakinmu da gidajenmu. A lokaci guda kuma wasu garuruwan can ƙasa da mu reshensu ya toshe ruwan ma ba ya isa gare su. Ga tsuntsayen jan baki da ke kwana cikin kachallar su fito su cinye gero da shinkafa.

Kun ga ke nan duk mutum ukun da suka yi gardama a ƙofar gidan dagaci kowa yana da gaskiya, guntu-guntu suka riƙe. Kuma karatun ya hana ni rubuta abin da na yi niyya da farko, don na tafi ne da fushin dam, amma na ga cewa dam ɗin Tiga shi ke shayar da Kano, shi ke riƙe da noman Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, har mu kanmu noman ranin da ake yi wajen Auyo da shi muke yi. Ba maganar a rushe ko a tsine ba ce, maganar yadda ake sakin ruwan ce da yashe kogi da cire ciyawa. Na kuma ga cewa tun 1987 aka fara wani shiri na kula da fadamun Haɗejiya da Nguru, kuma a 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, abin da ni ɗan yankin ban taɓa ji ba sai a kan kujerar laburare.

Sashen kwamfuta kuma, wanda suke kira i-laburare, yana da amfani sosai in akwai wuta da netwok. A nan ne ake shiga manyan rumbunan mujallun ilimi da jami'a ke da rajista da su, irin su AGORA na harkar noma da OARE na muhalli, dukkansu a ƙarƙashin tsarin Research4Life da ke ba ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta mujallu kyauta ko da rahusa. Ba za su ba ka lambar sirri ka tafi da ita gida ba, kuma kar ma ka roƙa don ba su da izini, amma wani matashin ma'aikaci ya shigar da ni a kan kwamfutarsu na sauke muƙalu na tura wa kaina. Matsalar ita ce cikin kwana 5 na zuwana na biyu kwana 2 kawai abin ya yi aiki yadda ya kamata, sauran ko dai babu wuta kuma ba a tada janareto ba, ko akwai wuta netwok yana ta juyawa, kuma kwamfutoci da yawa a lulluɓe suke sun lalace. Shi wannan matashin ne ya nuna min waɗanda zan iya amfani da su daga gida da wayata. JSTOR in ka buɗe akawun na kyauta za ka iya karanta muƙala har 100 a wata a kan intanet, ba dukka ba dai kuma karantawa ce ba saukewa ba. AJOL na mujallun Afirka ne, da yawa a ciki kyauta suke. Sai rumbun Kubanni na jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka sa wa sunan kogin nan na Zariya, a nan ana samun kundayen digiri cikakku ka sauke. Sai kuma Google Scholar don gano ko wane ne ya yi rubutu a kan me. Da na san waɗannan tun farko da zuwa biyu ya ishe ni, amma fa tsofaffin kundayen nan na tafireta da na gani babu su a intanet, sai ka je da ƙafarka.

Abin da ya fi damuna ya wuce maganar wuta. Akwai kundaye 4 da na gani a rajista da lambarsu da komai amma babu su a kan kanta, an duba an rasa. Wani rahoto mai muhimmanci na same shi amma an yage taswirar da ke bayansa, kai jama'a, wanda ya yi wannan ya cuci al'umma gaba ɗaya don wataƙila kwafin ke nan guda ɗaya da ya rage. Wani lungu na ga gara ta fara cin takardu kuma akwai alamar yoyo a silin. Mujallun ƙasashen waje na takarda kuwa za ka ga jerinsu shekara bayan shekara ba tsallake sai wajen ƙarshen shekarun 1980 su tsaya cak, Hajiya ta ce min tun da darajar naira ta faɗi bayan tsarin tattalin arziki na SAP na 1986 jami'o'i suka kasa biyan kuɗinsu. Ma'aikatan suna iya ƙoƙarinsu na gani da idona, har da wanda ke ɗinke bangon littafi da zare da hannu, amma abin ya fi ƙarfinsu, kuɗi yake so. In akwai mai hali ko ɗan siyasa da ke karanta wannan, a taimaka a ɗauki hoton tsofaffin kundayen nan a sa su a kwamfuta kafin gara da ruwa su gama da su.

Dokar kwafi ma tana da tsauri, ba a yarda ka yi fotokwafin kundi gaba ɗaya ba sai 'yan shafuka, kuma a ɗakin kundaye an hana ɗaukar hoto da waya. Na fahimci dalili, satar furojet ta yi yawa, ɗalibai na kwashe aikin wani su canza suna. Amma ni da ba digiri nake nema ba abin ya yi min tsada, da hannu na cika littafin rubutu mai shafi 80 har guda biyu, taswirar garinmu kuma na nemi izini na ɗora farar takarda na bi layin da fensir. Zafi kuma akwai shi da rana in fanka ta tsaya, ka je da ruwanka amma a waje za ka sha. Masallaci yana kusa, abinci ma akwai masu sayarwa ba nisa.

Sai babbar matsala wadda ba laifin laburare ba ce, komai da Turanci yake, kuma Turancin masana mai nauyi. Ni da nake koyarwa ma sai da ƙamus a waya, wani sakin layin sai na karanta sau uku. Mutanen da aka yi binciken a kansu, masunta da manoma da Fulanin da ke shayar da shanu a fadamar, babu wanda zai iya karanta shafi ɗaya. Ina roƙon malaman jami'a, duk ɗalibin da ya je ƙauye ya yi bincike a sa shi ya rubuta ko shafi biyu ne da Hausa ya mayar wa dagacin garin, ko a karanta a gidan rediyo. Ba zai ci kuɗi ba.

Da na dawo na zauna sati biyu na rubuta takardar koken, shafi 6, kowace magana da inda na samo ta da shekarar da aka rubuta. Ba mu ce a taimaka mana kawai ba kamar yadda aka saba, mun faɗi wuraren da kogi ya toshe da sunansu, mun nemi a yashe su a cire kachalla kafin damina ba bayanta ba, mun nemi a dinga sanar da garuruwan bakin kogi da wuri in dam ya kusa cika, mun kuma nemi masana su duba ko za a iya rage sakin ruwa na wani lokaci da rani don ciyawar ta bushe ba tare da an cuci masu noman rani ba. Garuruwa 5 na maƙwabta suka sa hannu tare da mu. Kafin a kai ta na fassara ta da Hausa na karanta a ƙofar gidan dagaci bayan sallar Juma'a, na kuma buɗe taswirar da na kwafo a kan tabarma. Tsohon malamin gonan nan ya sa yatsa a kan layin reshen kogin ya ce, "Nan ne, a nan muke kama tarwaɗa, nan kuma mashayar shanu ce," sauran dattawa suka matso kowa yana nuna gonar ubansa, har aka kira la'asar ba a tashi ba.

Hajiya ta ce min in ina son ganin yadda kogin yake tun kafin dam, in je Kaduna gidan adana takardun tarihi na ƙasa in nemi fayilolin lardin Kano na zamanin Turawa, tunda Haɗejiya a ƙarƙashin lardin Kano take a lokacin, akwai rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta gunduma-gunduma don sanya haraji, suna faɗin garuruwa da amfanin gona da koguna. Ta ce in na je in leƙa Arewa House da ke titin Rabah, gidan Sardauna, wanda tun 1970 ya zama cibiyar binciken tarihi. Ƙungiya ta amince, an fara haɗa kuɗin mota, in an gama girbin shinkafa zan tafi in sha Allahu, kuma wannan karon da yaro ɗaya cikin samarinmu da ya gama sakandare zan je don ya koyi yadda ake nema.